Taku Tara Tsakaninka da Kogi

Zuwa ga Dogona, sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar da ke kashe mini ƙishi,

Ina gaishe ka gaisuwar wadda zuciyarta ke dukan uku-uku. Daga ajin makarantar da aka zuba mu tun bayan ambaliya nake rubuto maka, na ɗora takardar a kan murfin keken ɗinkina, don bencin ya zama gadon Inna. Yau kwana goma sha tara rabona da fuskarka. Sha tara, Dogo! Ko tsiro aka hana wa rana haka ai ya yi yaushi.

Jiya Baffanka ya zo wurin Baba, yana ta murza hula, wai ka ce a ɗage aurenmu sai gona ta dawo. Haba masoyina! Wace gonar? Da idona na gan ta. Yashi fari fat ya binne ta, mangwaron kan iyaka ma sai rassansa ake gani. Kogin da ya shayar da kakanninka ya bar hanyarsa, ya bar kwale-kwale a kife bisa rairayi, ya fasa sabuwa ta bayan gidanku. Mai awon ruwan da aka turo ya ce yashin ya fi tsayin mutum, kuma kogin ba zai koma ba. Amma kai kullum kana can da shebur da baro, kana kwasa, iska tana mayarwa.

Ba wannan ba ne ma ya hana ni sakat. Ƙanwarka ta ce makon jiya taku goma sha biyar ne tsakanin gaɓa da katangarku, shekaranjiya ta ƙirga, saura tara. Ta ce ruwa yana cin ƙasar ta ƙarƙashi, tana zaftarewa gunduwa-gunduwa, ɗakin mahaifiyarka Umma ya tsage har hannu yana shiga. Ka kwaso Umma da ƙanwarka ka kawo tudu, kai kuma ka koma ka tare. Gadin me kake yi, hasken raina? Gadin bangon da ya riga ya yi sallama? Da na ga hadari ya haɗo sai in leƙa taga ina duban kwari. Yau sau uku allura ta soke ni, har na ɗinka wa matar liman hannun riga a baibai.

Ka tuna ranar da ruwan ya shigo? Ka ɗauko keken nan a ka, ruwa iya ƙirjinka, ina biye riƙe da gefen rigarka ina kuka, kai kuwa kana tsokanata wai keken ya fi ni hankali tunda shi bai yi ihu ba. Na yi dariya hawaye na shiga bakina. Mutumin da ya sa ni dariya a tsakiyar ambaliya, shi ne yau yake jin kunyar haɗa ido da ni don yashi ya ci masa gona?

To ka ji abin da Baba ya faɗa wa Baffanka: shi mutum ya ba 'yarsa, ba fadama ba. Filin da za a ba mu a tudu jar ƙasa ce mai tsakuwa, na sani, za ta ci maka hannu kafin ta ba ka hatsi. Amma tana nan inda aka bar ta. Kai ka yi noma, ni in yi ɗinki, mu ci abin da ya samu.

Ranar Laraba da hantsi mota za ta zo kwasar mu zuwa sabon filin. Don Allah, don darajar Umma, ka hauro. Idan ta zo ban gan ka ba, wallahi ba zan hau ba. Inna ta yi faɗanta. Gangarowa zan yi in shimfiɗa tabarma a bakin katangar nan, in zauna tare da kai. Kuma ka sani, ban iya iyo ba.

Taka, a tudu ko a kwari, har numfashina na ƙarshe,
'Yar Tela