Ni Dai Sai Na Hau Jirgin Rio

São Vicente, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Edilene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Osmar, da fatan aikin asibiti bai cinye ki ba. Mu nan gida, yayanki Gilmar lafiyarsa ƙalau, sai ƙiba. Matarsa ta tashi daga murar da ta kwantar da ita. Jaririyarsu haƙori take fitarwa, ta hana kowa sakat. Uwarki ta baftisma, Zuleide, gwiwar hagu ke damunta, amma bakinta garau yake. Maƙwabciyarmu Creuza sugarta ta sauka. Ni kuma hawan jinina yana nan inda kika bar shi, ina shan ƙwayar kowace safiya, ba sai kin tambaya ba. Ke fa, tarin nan da na ji a muryarki ranar Lahadi? Kin sha wani abu? Kada ki ce min zai wuce da kansa.

Za ki yi mamaki da na rubuto maimakon in kira. A waya kin fi ni baki. Kafin in gama magana ɗaya kin yi uku, sai na ajiye waya in tarar na ce miki to a kan abin da ban yarda da shi ba. A takarda kuwa dole ki jira in gama.

Ga maganar. Ni da Zuleide da Creuza za mu hau jirgin ruwa ranar Juma'a, sha huɗu ga Maris. Irin manyan nan farare da ke fita daga tashar Santos, waɗanda muka shekara da shekaru muna ɗaga wa hannu daga bakin ruwa. Bayan bikin Carnaval farashinsu yana sauka. 'Yar ƙanen Zuleide tana aiki wurin masu sayar da tikiti, ita ta samo mana ɗaki can ƙasan jirgi, ba taga, gado a kan gado. Creuza ta ce wannan ai kabari ne da katifa. Zuleide ta ce mata, "To ki zauna a gida mana, sarauniyar matsorata. Wa ya ce miki barci za mu je yi?" Asabar za mu wuni a Rio, Litinin da safe mun dawo. Daga ɗinkina kuɗin ya fito, ban taɓa na kowa ba.

Abu ɗaya ya tsaya min a wuya. Ba a shiga jirgi sai da katin shaida mai kyau. Nawa kuwa kin san shi: ya fi shekara talatin, hoton ya dushe, inda ake sa hannu kuma an buga hatimin da ke cewa mai wannan kati ba ta iya karatu ba. Yarinyar ta ce ba za su karɓa ba saboda tsufansa. Ni ko sun karɓa ba zan miƙa shi ba. Shekara uku ina zuwa ajin Malama Odete a ɗakin taron coci, ina haɗa baƙi kamar 'yar firamare da furfurata. Ba zan shiga jirgi da katin da ke ƙaryata ni ba.

Ranar Alhamis na je ofishin kati da takardar baftismata, wadda fadan cocinmu ya ba uwata, nake ajiye da ita cikin Littafi Mai Tsarki. Duk rayuwata na ɗauka ita ce babbar takardata. Matar da ke kan tebur ta juya ta gaba da baya, ta ce, "Iya, wannan ta coci ce. Ta shiga Aljanna ce, ba ta shiga jirgi ba. Takardar aurenki ta gwamnati za ki kawo." Na yi dariya don kada in yi kuka a gaban layi.

Takardar tana wurinki, cikin shuɗiyar jakar nan da kika tafi da ita Campinas bayan rasuwar babanki, da duk sauran takarduna. Na gode da riƙon da kika yi mata. Ki aiko min ta gidan waya kafin ashirin ga wata, domin katin yana ɗaukar kwanaki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki rufe ƙirjinki idan kin fito daga aiki. Ki gaishe da Osmar.

Uwarki,
Dalvina

São Vicente, 2 ga Maris

'Yata Edilene,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ya sake ki, tunda ba ki ce komai a kansa ba. Mu duk lafiya. Haƙorin jaririya ya fito, guda biyu a ƙasa.

Wasiƙarki ta iso. Sau biyu na girgiza ambulan ɗin, ba takardar aure a ciki. Na zauna na karanta abin da kika rubuto har sau uku, ni kaɗai, ba wanda ya karanta min. Kin ce jinina zai hau a tsakiyar teku. Kin ce tsofaffi uku ba namiji, ɓarayin Rio za su gane mu tun daga nesa. Kin ce kin riƙe takardar ne don ƙaunata. Na yarda don ƙauna ne. Amma takardata ce, Edilene. Aurena ne a ciki, ba naki ba.

Na kuma san kin kira Gilmar kin ce ya zo ya yi min magana. Ya zo. Ya cinye shinkafa da wake kwano biyu, ya goge baki, ya ce, "Mama, Edilene ta ce in ce miki kada ki je. To, na faɗa. In kin je ki sayo min hula." Wannan ne wakilinki.

Akwai wurin da kika rubuta cewa ni na koya miki Rio ba wurin zuwa ba ne, ranar da na hana ki bin 'yan ajinku kina shekara sha biyu, kika tambaye ni me ya canja yanzu. Wannan tambayar zan amsa miki, amma ba yau ba.

Bari in gaya miki abin da na yi. Malama Odete ta ce ofishin da ya rubuta aure yana ajiye littafinsa, kuma mai auren tana da ikon a sake ba ta takarda. Shekara talatin da tara da aurena ban san haka ba, na ɗauka idan takarda tana hannun wani to shi ke nan. Ranar Talata na hau mota zuwa Iguape, inda aka ɗaura mana aure da babanki. Ni kaɗai. A tasha na tsaya gaban allo na karanta sunayen garuruwa ɗaya bayan ɗaya da yatsa, wani mutum a bayana yana tsaki. Na bar shi ya yi tsakinsa.

A ofishin, dattijon da ke wurin ya ɗauko littafin ya buɗe min. Ga sunan babanki da rubutunsa karkatacce, ga tabon yatsana a gefe, ina 'yar shekara sha tara. Na daɗe ina kallo. Ban taɓa karanta sunansa da hannunsa ba sai ranar.

Washegari na koma ofishin kati, Zuleide ta raka ni. Matar nan ta gane ni. Ta ce, "Iya, hatimi zan buga ko hannu za ki sa?" Na ce ta ba ni biro. Layin gajere, sunana dogo, Dalvina Ferreira dos Anjos, sai da na ƙanƙanta baƙaƙen. Zuleide tana bayana tana cewa, "Bi a hankali, ƙawata, ba yau jirgin zai tashi ba." Jibi zan je in karɓo katin.

Kada ki ɗauka ba na jin tsoro. Na raba ƙwayoyina jaka biyu ko ɗaya za ta ɓata. Na ɗinka aljihu a cikin siket. Na rubuta lambar wayarki na sa a takalmi. Amma zan tafi, da yardarki ko babu. Da yardarki zai fi min daɗi. Ki kira ni ranar Lahadi kamar kullum.

Uwarki da ke tunaninki,
Dalvina

São Vicente, 18 ga Maris

'Yata Edilene,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Osmar. Mun dawo jiya da safe, mu uku, ba wadda ta faɗa ruwa. Zuleide gwiwarta ta kumbura saboda rawa. Creuza har yanzu ƙasa tana mata lilo. Ni lafiyata ƙalau, na auna jini a kemis, daidai yake. Ke ce ban san halin da kike ciki ba. Lahadi biyu wayata ba ta yi ƙara ba. Sai da na kira Osmar a wurin aikinsa na ji kina lafiya, fushi kawai kike yi. To, ki yi fushinki, amma ki karanta wannan har ƙarshe.

A ƙofar jirgi wani saurayi mai fararen kaya ya karɓi katina, ya duba, ya miƙo min, ya ce in wuce. Shi ke nan. Duk wannan faman, ko daƙiƙa biyar bai yi yana kallonsa ba. Har na so in ce masa ya sake dubawa da kyau.

Ɗakin ya fi bayan gidanmu girma da kaɗan. Ni na hau gadon sama. Abinci kuwa ba iyaka, amma ba garin rogo. Sai ga Zuleide ta zaro kwalba daga jaka tana barbaɗawa a kan naman mutane. Creuza ta ce, "Za ki ja mana abin kunya." Zuleide ta ce, "Ke da kika cika jaka da burodi tun safe, ke ce mai kunya?" Kafin mu tashi, mata biyu daga teburin gefe sun zo roƙon garin.

Asabar muka sauka Rio. Motar yawo ta kamfanin jirgi ba ta irinmu ba ce, sai muka nemi bas ta gari. Zuleide ta bar tabarau a jirgi, Creuza kuma kafin ta haɗa baƙi uku bas ta wuce. Ni na tsaya a bakin titi ina karanta goshin kowace mota, har tamu ta zo, na ɗaga hannu. Zuleide ta ce wa direba, "Ka bi da mu a hankali, da malamarmu muke tafe."

Muka hau ɗan jirgin ƙasan da ke hawa dutse zuwa wurin mutum-mutumin Almasihu. Muna isa sama, gajimare ya lulluɓe shi ruf. Ƙafafunsa kawai muka gani da gefen riga. Zuleide ta ɗaga kai ta ce, "Ubangiji, tun daga São Vicente muka zo gaisuwa, sai ka ja bargo?" Mun jira fiye da awa, bai yaye ba.

A wannan jiran ne 'yan mata 'yan makaranta suka hawo, riga iri ɗaya, malamarsu tana ƙirga su. Su ma ba su ga komai ba, amma sai ihu suke suna dariya a cikin hazo. Sai na zauna a kan matakala. Creuza ta zaci hawan jini ne. Ba jini ba ne.

Ga amsar tambayarki. Ranar da kika kawo takardar tafiyar nan daga makaranta, babanki yana teku da jirgin kamun kifi, saura mako biyu ya dawo. Shi yake sa hannu a komai. Uwar da ba ta iya ba, sai ta je makaranta da kanta ta dangwala yatsa a teburin malama, a gaban yara. Na taɓa yi sau ɗaya saboda Gilmar, na ji yadda aka yi shiru a ajin. Ban iya sakewa ba. Sai na ce miki motoci suna faɗawa rami a hanyar, Rio garin ɓarayi ne, ana sace yara. Ban taɓa zuwa Rio ba, Edilene, me na sani a kanta? Kika kwana biyu ba ki ci abinci ba, ni kuma na bar ki kina ganin tsoro ne ya sa na hana ki. Kunya ce. Wataƙila kin daɗe da ganewa. Amma daga bakina ba ki taɓa ji ba, shekara ashirin da huɗu ke nan. Ƙaryar da na yi miki ita kika rubuto min a wasiƙa, kusan kalma da kalma, kuma ke da gaske kike faɗa. Wannan ya fi riƙe takardar yi min ciwo, kuma laifina ne. Ki yafe min.

Tafiyar kuwa ba zan nemi gafara a kanta ba. Na je, na ji daɗi, kuma zan koma.

Jirgin ƙarshe na bana zai tashi Juma'a, huɗu ga Afrilu, daga nan sai ƙarshen shekara. Na yi magana da 'yar ƙanen Zuleide tun jiya, ta riƙe min gado biyu, ɗinkin kayan bikin Ista zai ɗauki nauyinsu. Ba izininki nake nema ba, ke nake nema. Ki nemi hutun kwana uku a asibiti, sun daɗe suna morarki. Ki taho da shuɗiyar jakar nan, daga yanzu a ɗakina za ta zauna. Ki kuma duba katinki tun yau, idan ya tsufa ki sake.

Yarinyar ba za ta iya riƙe gadajen ba bayan Alhamis, ashirin da bakwai ga wata. Ki ba ni amsa kafin ranar, a takarda ko a waya, na yarda ki fi ni baki. In kin yi shiru, Zuleide ta ce gadon nata ne, ita da gwiwarta. Amma ni ba da Zuleide nake son in hau dutsen nan ba.

Uwarki,
Dalvina Ferreira dos Anjos