Na Daina Goya Tiyumba

Tolon,
3 ga Yuli.

Zuwa ga Yayata Damata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma kasuwar Kumasi tana yi da ku. Yaya ƙafar nan taki, ta daina kumbura? Mu nan lafiya lau. Baba yana gona, Inna tana fama da man kaɗe kamar kullum. Tiyumba ta cika wata huɗu, ta yi kumatu, duk wanda ya gan ta sai ya ce hancin ubanta Ziblim aka ɗora mata, Allah ya ba ta haƙuri.

Na ba Hajiya mai doya takardar nan cikin ƙullin daddawa, don na san ba ta karatu. A waya ba zan iya ba. Kin san wayar gidan nan a aljihun Baba take, in kuma an miƙo mini ita kowa sai ya tsaya a kaina yana jiran a gaishe shi. In kin karanta ki ƙona.

Yaya, lafiyar da na ce miki ƙarya ce. Sati shida ke nan rabona da goya Tiyumba. Na ce wa Inna bayana ke ciwo, har ta dafa mini saiwoyi ina ta ɗirka, alhali bayana ƙalau yake. Abin ya fara ne ranar da na je rijiyar bayan masallaci da ita a baya. Damina ta cika rijiyar har mutum yana ganin fuskarsa. Na sunkuya zan jefa guga, sai kawai na ga hannuna yana kwance majanyi, na ga yarinyar ta tafi da ka cikin ruwan. Wallahi ban kwance komai ba, hannuwana biyu suna kan igiya. A cikin kaina na gani, amma sarai, har da ƙarar faɗawar. Na bar gugan a wurin na dawo gida.

Tun daga ranar yake zuwa. In Inna tana tafasa kaɗe ya zo, in na ɗauki wuƙar yanka kuɓewa ya zo. Ni da nake kara kunne a hancinta sau goma in ji ko tana numfashi! Ina son yarinyar nan fiye da raina, to wace ce wannan a cikina da take nuna mini haka?

Kin san abin da nake tsoro. Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai Inna Napari Gambaga wurin mayu, ƙanwar uwarmu guda, don kawai wata yarinya mai zazzaɓi ta ce ta gan ta a mafarki. Aka yanka kazar gwajin maita, kazar ta faɗi ruf da ciki, shi ke nan, ko zanen canji ba a bari ta ɗauka ba. Ita wata ce ta yi mafarkinta. Ni kuwa ido biyu nake gani, kuma 'yar cikina nake gani. An ce a abinci ake ba mutum abin nan bai sani ba, kuma kin san babu wanda ya ci tuwon hannun Inna Napari kamar ni.

Ran Juma'a na kai Tiyumba awo. Malama Adisa, nas ɗin nan mai ɗaure fuska, ta ɗora ta a sikeli ta ce yarinya ta yi kyau, uwar ce ta lalace. Ta tambaye ni don me nake rungumo ta a hannu tun daga gida, na ce baya. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce duk Alhamis bayan azahar wasu masu jego suna zama a ɗakin bayan wurin awo, suna faɗa wa juna abin da ke cin ransu, in zo. Na ce to, don dai ta sake ni.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙanwarki,
Sanatu.

Tolon,
17 ga Yuli.

Yayata Damata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, na sami amsarki, da sabulun, da faɗan. Na gode da biyun farko. Na ji maganarki, na je zaman har sau biyu.

Mu bakwai ne, a kan bencin awo, ƙofa a rufe. Kafin a fara kowa sai ta yi alkawari da bakinta cewa abin da ta ji a ɗakin nan ba zai bi ta waje ba. Akwai Lamisi, wadda jaririnta ya rasu wata uku da suka wuce, har yanzu nono yana jiƙa mata riga. Akwai Azara, da take kuka kullum la'asar ba ta san dalili ba, mijinta yana cewa butulci ne. Na ji tausayinsu, amma nasu abin da ake tausayawa ne. Nawa kuwa na yanka kaza ne.

Kin san wa na tarar a ciki? Samata mai koko, matar Alhassan makanike, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da gidan su Ziblim. Matar da in kaza ta yi ƙwai a Tolon da safe, kafin hantsi ta sayar da labarin tare da koko. Ina shiga ta tafa hannu ta ce, "A'a, 'yar boko! Ke ma an kawo ki ajin masu taɓin? Matso nan, bencin namu ne duka." Na zauna can ƙarshen benci. In layi ya zo kanta ba ta faɗin komai sai shirme, wai damuwarta munsharin Alhassan, wai ɗanta Neindoo yana cizon nono kamar kare. A yi ta dariya. Ni dai na ce a raina kwasar labari take zuwa yi. Da aka zo kaina na ce ciwon kai, sati na biyu ma ciwon kai, Malama ba ta matsa mini ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Yaya Barikisu ta zo, yayar Ziblim. Na san a al'adarmu Tiyumba tata ce in an yaye ta, tunda ita ce gwaggonta, ban taɓa musun wannan ba. Amma ta ce ta ji a kasuwa ba na goyo, wanka ma Inna ke yi wa yarinya. A gabana ta ce wa Baba, "Baba, ba a taɓa jin uwa ta yi wata biyu ba ta goya 'yarta ba. In bayanta ya gaza, nawa bai gaza ba. Lahadi mai zuwa zan zo in ɗauke ta, akwai madarar gwangwani." Tana gyara mayafi za ta fita ta ƙara da cewa, "Gidan nan dai mun san tarihinsa." Baba ya sunkuyar da kai, Inna ta shige ɗaki. Ziblim yana can kudu a gonar mutane, ko yana nan ma kin san ba ya iya ɗaga ido a gaban yayarsa.

In na yi shiru za a ɗauke ta, in na yi magana ni za a ɗauke. Abin da ya fi tsorata ni, wani lokaci ina jin gara a ɗauke ta ɗin ta tsira daga hannuna, sai kuma in dube ta tana tsotsar yatsan ƙafarta in ji kamar zan mutu.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Sanatu.

Tolon,
22 ga Yuli.

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Na faɗa. Ran Alhamis ne. Ban shiga da niyya ba, na shirya ciwon kaina kamar kullum. Lamisi ce ta karɓi Tiyumba tana yi mata wasa, sai ta ɗago ta ce mini a hankali, "Sanatu, ni bayana ƙalau, na rasa wanda zan ɗora. Ke ga ki da ita. Don Allah me ya hana ki?" Da zagina ta yi da na iya daurewa. Na kafa ido a siminti na faɗi komai, rijiyar, wuƙar, tukunyar Inna, har da tuwon Inna Napari.

Malama Adisa ta matso ta kama hannuna ta ce wannan abu sananne ne a wurinsu, yana samun uwaye da yawa, tsoro ne ya yi wa uwa yawa har yake nuna mata abin da ta fi ƙi. Ta ce ba maita ba ce, kuma akwai yadda za a taimake ni. Rabin maganar ban ji ba, don tana cikin yi Samata ta miƙe, ta saɓa ɗanta a baya, ta buɗe ƙofa ta fice ko sallama babu. Samata fa, wadda kullum in za a tashi daga wuri ita ce mai maganar ƙarshe.

Jiya ba ta fito da koko ba, yau ma haka. Ina ta tunanin gidajen da take shiga. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ɗazu na hango dattawa biyu sun nufo layinmu ɗaya yana riƙe da kaza, na ruga ɗaki na shige bayan ƙofa, ashe gidan suna za su. Na ƙulle zane biyu da katin awo na tura ƙarƙashin tabarma, kada a zo ban shirya ba.

Gobe Lahadi. In kin ji an tafi da ni, ki bar komai ki zo. Ko Tiyumba tana hannun Yaya Barikisu ki riƙa zuwa kina ganinta. Ba ta barci sai an shafa mata bayan kunne, ki faɗa musu. In ta girma, duk abin da za a gaya mata, ke ki gaya mata ban taɓa ko marinta ba.

Hajiya da sassafe za ta tashi, bari in kai mata. Ki yafe mini duk abin da na taɓa yi miki.

Ƙanwarki,
Sanatu.

Tolon,
24 ga Yuli.

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa cikakkiya yau, ke da maigidan da yara da ƙafa. Na ba direban motar doya wannan don ta tarar da waccan kafin ki ɗaura ɗankwali ki kamo hanya. Ina gida, kada ki taso.

Jiya da hantsi Yaya Barikisu ta iso da sabon zanen goyo da gwangwanin madara, ta zauna a tsakar gida da su Baba. Ina ɗaki rungume da Tiyumba sai na ji sallamar Samata. Na leƙa, ga ta da bokiti, Neindoo a baya, idanunta sun kumbura suntum. Na ce shi ke nan, ta zo ba da shaida. Ta durƙusa ta gaida kowa, gaisuwar da kamar ba za ta ƙare ba, sannan ta ɗaga murya ta ce, "'Yar boko, fito! An ce bayanki ya warke. Zo ki raka ni rijiya, yau nawa ne ya ƙage."

Na fito kamar wadda za a yanka. Ta karɓe Tiyumba ta ba Inna, ta kwance ɗanta, ƙaton yaro ɗan wata takwas, ta ɗora mini shi a baya ta ɗaure majanyin da hannunta. Na ce mata a kunne, "Yaya Samata, kin fa ji abin da na faɗa." Ta ce, "Da kunnuwana biyu. Wuce mu tafi." Ta goya Tiyumba. Yaya Barikisu ta ce, "Ina za a kai mini 'ya?" Samata ta ce, "Rijiya, Hajiya, ba Makka ba. In kina son ruwa kawo bokiti."

Sai da muka wuce masallaci ta yi magana, ba ta kalle ni ba. Ta ce nata tukunyar koko ce. Shekara tara, 'ya'ya uku, kullum safiya in kokon yana tafasa sai ta ga ta tsoma ɗanta a ciki. Shi ya sa take ɗaure yaranta da zane a ƙafar benci nesa da wuta, mutane suna cewa ba ta da imani. Wata uku tana zuwa ɗakin nan don ta faɗa, da ta buɗe baki sai wasa ya fito. Ta ce, "Da kika faɗa, ji na yi kamar kin kwance mini zane a tsakiyar kasuwa. Na je gida na yi ta amai, kwana biyu ina kuka, har Alhassan ya fara murna wai ciki ne. Shekara tara, 'yar boko, ko ƙuna babu wanda ya taɓa yi. Ga su can suna cinye mini riba."

Muka isa, mata huɗu suna ɗiba. Na sunkuya da ɗan mutane a bayana, kuma Yaya, ya zo, sarai kamar ranar farko. Na ce mata, "Ya zo." Ta ce, "Bar shi ya zo, ba shi zai ɗebi ruwan ba. Ja guga, malalaciya." Na ja guga uku hawaye yana zuba, yaron yana ta jan ɗankunnena. Da bokitin ya cika ta kwance Tiyumba a nan bakin rijiyar ta ce a yi musaya, ɗanta ya fi ƙarfin ƙashin 'yar boko. Ni na shigo da 'yata gida a bayana.

Yaya Barikisu ta bi mu da kallo tun daga ƙofa. Ta ci tuwo, ta bar madarar, ta ce to sai an yaye ta kamar yadda aka saba. Amma na ga idonta, ba ta gama da ni ba. Abin ma bai gama da ni ba, yau da safe ya zo sau biyu, kuma har yanzu raina yana hannun mata shida. Malama ta ce in same ta Laraba mu zauna mu biyu. Ran Alhamis Samata za ta faɗi nata a ɗakin, ta ce in zauna kusa da ita, in ta fara wasa in mintsine ta.

Ki gaida maigidan da yara, Inna ma tana gaishe ku. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, a tsaye nake yi a jikin bango da Tiyumba a bayana, in na zauna farkawa take yi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sanatu.