Zaton Raphael

Samaru, Zariya

Baban Ƙauna,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan aikin Kafanchan bai fi ƙarfinka ba. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san dangin Tochukwu, saurayin 'yarmu Ƙauna, sun ce al'adarsu ce su binciki gidan yarinya kafin a sa rana. Ban damu ba, don ba mu da abin ɓoyewa. Mahaifinsa Emenike ya rufe shagonsa na Sabon Gari, ya tako har Samaru wajen ƙaninka Raphael, wai shi ne malami, shi zai faɗi gaskiya.

Ka tuna ranar da Ƙauna ta yanke jiki ta faɗi a coci tana aji uku, saboda zazzaɓi? Ita Raphael ya tono. Ya gyara tabarau ya ce wa mutumin, da Turancin nan nasa, "I assume" farfaɗiya ce, kuma "I suppose" daga dangina, ni uwarta, ta samo ta. Matar Emenike ce ta faɗa mini a kasuwa, tana ta sunkuyar da kai.

Na same shi a gida yana cin gyaɗa. Ko kunya bai ji ba. Wai shi bai ce haka ne ba, zato ya yi, kuma kowa na da 'yancin faɗin "my personal opinion". Har ya zauna yana koya mini bambancin zato da tabbaci, ni da na yi masa wanki yana makarantar sakandare. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin wani namu ya faɗi, ya ce a'a, amma "it is possible". Na fito ban yi masa sallama ba.

Don Allah ka kira shi, ko zai ji maganarka.

Matarka,
Winifred

Samaru, Zariya

Baban Ƙauna,

Gaisuwa mai yawa. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Na gode da ka kira shi, amma gara da bai je ba. Ya koma wajen Emenike don gyara, ya ce "I believe" yarinyar lafiyarta ƙalau, "as far as I know". Wane uba ne zai ɗora auren ɗansa a kan wannan? Ko takardar likita da muka kai ba su buɗe ba. Jiya uwar Tochukwu ta zo da kanta, ta ce da Hausarta mai kyau ba za su iya ci gaba da maganar auren ba. Ita dai ta faɗi abin da ke ranta, ban ga laifinta sosai ba.

Raphael kuwa ya aiko saƙo wai yana yi mana addu'a. Ko sunansa ba na son ji a gidan nan.

Ƙauna ba ta yi kuka ba, ta tafi aiki yadda ta saba. Da yamma muna gyaran alayyahu sai ta rage murya, ta ce don Allah in gaya mata gaskiya, ko akwai mai faɗuwa a danginmu. Na rantse mata babu. Ta gyaɗa kai kawai, ba ta dube ni ba.

Ka dawo gida, ko na kwana biyu ne.

Matarka,
Winifred