Dutsen Sina Sai a Maris

Talata, 11 ga Fabrairu, 2014. Unguwar Hayyin Ashir.

Tun ranar da na ga hoton Dutsen Sina a falon Hajiya Sa'adatu, maƙwabciyata 'yar Sudan, ban sake samun sukuni ba. So nake in tsaya a ƙololuwarsa, ni da Malam, maigidana da karatu ya kawo mu ƙasar nan, kafin mu koma Zariya a Satumba.

Na daɗe da ware Agusta a raina, tunda a gida lokacin ne gari ke yin luf da sanyin damina. Yau muna shan shayi na faɗa wa Hajiya, sai da ta ajiye kofi don dariya.

"Ma'alish, yi haƙuri 'yata, wace damina? Tun zuwanki kin ga ruwan kirki? A Agusta dutsen nan gasa mutum yake yi, a Janairu kuma ƙanƙara. Ko Maris ko Oktoba, khalas, shi ke nan."

A Oktoba muna gida, saura Maris ke nan.

Da Malam ya dawo na gaya masa. Ya ce, "Gimbiya, a Maris ina fama da risala, kundin digirina. Ga babi biyu a rubutun hannu, ban ko fara bugawa ba. Mazan littattafan soyayyarki ne ba su da jarrabawa."

Na yi dariya, na tambaye shi kwana nawa bugun zai cinye masa. Ya ce kamar goma. Tafiyar kuwa kwana uku ce.

Hannuna ba ya sauri wajen buga Larabci a kwamfuta, amma ina da wuni guda kullum. Gobe bayan asuba zan fara buga masa, a Maris za mu hau.