Takardar Ajamin da Aka Ɗora wa Modibbo

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk wanda zai tsaya ya karanta. Ina roƙon a ɓoye sunana, kuma don girman Allah a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Duk wanda zai zage ni ba zai faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba.

Abin ya faru ne shekarar da aka sauya takardun naira, mutane suna wuni a layin banki, ga zaɓe ya matso. A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a nan Jalingo. Da girmana na shiga, ina da mata da 'ya'ya huɗu, ina koyarwa a firamare, 'yan ajinmu Baba suke ce mini. Kakanninmu Zazzagawa ne, ɗinki ya kawo su garin nan, amma ni karatu aka kai ni wajen wani dattijo da zan kira Modibbo kawai. Shekara goma sha ɗaya na yi a zaurensa. Shi ya riƙe hannuna ya koya mini ajami, har ta kai in na rubuta wasiƙa, matarsa ma ba ta bambance rubutuna da nasa. Ku riƙe wannan a ranku.

Binciken da aka ba ni shi ne yadda guruf-guruf na hira a waya ke sauya muhawarar jama'a da yadda suke zaɓen shugabanninsu. Malamar da ke duba aikina, Dakta, ta ce in zaɓi guruf ɗaya in sa masa ido wata uku. Ta ja mini kunne cewa aikin mai bincike kallo ne da rubutawa, kada in kuskura in sa hannu. Na zaɓi na unguwarmu, domin akwai kowa a ciki: Hausawa, Fulani, Mumuye, Jukunawa, 'yan masallaci da 'yan coci. To wata biyu ba abin da na tsinta sai sanarwar suna, cigiyar akuya da gaisuwar Juma'a. Me zan rubuta da cigiyar akuya? Yaran da na haifi kamarsu sun kai babi na huɗu, ni ina zaune da takarda fara.

Ana cikin haka zaɓen shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa ya taso. Mutum biyu ne ke nema: wani ɗan kasuwa daga cikinmu, da wani tsohon hedimasta ɗan Mumuye, Kirista. Tun ina yaro yadda ake yi shi ne a taru a filin firamare, a ɗaga hannu, Modibbo ya ƙirga, domin shi kaɗai ne kowane ɓangare ya yarda da ƙirgensa. Shi da Hedimasta kuwa aminai ne na shekara talatin. Kullum bayan la'asar ana fitar musu da kujera biyu ƙarƙashin mangwaro, su ji rediyo, su yi ta gardama a kan labaran duniya.

Nan Shaiɗan ya zo mini da shawara mai kama da ilimi. Na ce bari in gwada in ga wane irin saƙo mutanenmu suka fi gaskatawa. Na sayi sabon layi, kuma da yake ina cikin masu kula da guruf ɗin, na shigar da shi ba wanda ya lura. Na rubuta da boko cewa dattawan masallaci sun riga sun tsayar da shugaba, taron zaɓen ranar Asabar jeka-na-yi-ka ne. Mutum biyu suka ce in ji wa, wani ya aiko fuskar dariya, magana ta mutu. Bayan kwana uku na jiƙa tawada, na fere alƙalamin kara, na rubuta maganar nan dai da ajami a kan takarda, na ɗauki hoto na tura. Wallahi niyyata in bari kwana biyu, sannan in fito in ce gwaji ne na makaranta.

Da hantsi na tura. Kafin la'asar takardar ta gama gari. Waɗanda ba su san ko harafi ɗaya na ajami ba, su suka fi yaɗa ta, domin a wajensu duk abin da aka rubuta da tawada daga zauren malamai ya fito. Wani ya karanta ta da murya ya ƙara nasa a kai. Ƙanwata da ke aure a garin Mutum Biyu ta turo mini ita tana tambaya wai Yaya gaskiya ne. Ina zaune ina lissafa sau nawa aka tura, har da jin daɗi, Allah ya yafe mini, sai wani ya rubuta a guruf cewa ai wannan hannun Modibbo ne, shi ya rubuta musu takardar rabon gado, ga hotonta a gwada. Aka gwada. Ba ta da maraba.

Me ya hana ni magana a lokacin? Tsoro ne, ba wani abu ba. Na tuna shekara huɗun da na yi ina fita daga aji ina rugawa lacca, na tuna fuskar Dakta, na tuna yadda rai ya ɓaci a unguwa. Na ce gobe. Gobe ta yi na ce jibi.

Ranar Asabar aka taru. Tun ba a fara ba Hedimasta ya miƙe da waya a hannu, ya taka har gaban Modibbo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Modibbo, ni ban iya karanta wannan rubutu ba. Kai za ka gaya mini. Hannunka ne ko ba hannunka ba?” Modibbo yana zaune, hannayensa cikin babbar riga. Ya daɗe yana duban wayar. Sannan ya ɗago ya dubi taron, idonsa ya bi ta kaina bai tsaya ba, ya ce, “Allah ya san mai ita.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Jama'a suka ɗauka ya amsa laifi. Taro ya watse ba a ɗaga hannu ba, guruf ya rabu biyu, har yau ƙungiyar ba ta da shugaba. Kujera ɗaya ake fitarwa ƙarƙashin mangwaro.

Ni kuwa na rubuta a kundina cewa tsintar takardar na yi tana yawo. Na yi bayani mai kyau a kan yadda yarda da tsohon rubutu ke haɗuwa da saurin waya ta rusa muhawara. Na fi kowa maki a ajinmu. Aka ba ni takardar shaida, aka ƙara mini girma a wurin aiki. Wane irin mutum ne yake karɓar barka a kan wannan?

Fiye da shekara ina kauce wa layin gidan Modibbo. Sai wata rana na yi kiciɓis da matarsa a bakin kasuwa, ta ce ashe ɗan gida ya zama baƙo, ko rubutun boko ne ya hana. Washegari da safe na je. Na durƙusa, na buɗe baki ke nan, sai ya ce in dakata. Ya fito da hannayensa daga cikin riga ya ɗora a gwiwa. Rawa suke yi, ba tsayawa. Ya ce shekara huɗu ke nan bai riƙe alƙalami ba, ban da iyalinsa ba wanda ya sani. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa a shekarun baya yake turo mini masu neman a rubuta musu takarda, yana cewa in samu lada.

Ya ce, “Da na nuna musu hannun nan a filin firamare, da sun wanke ni nan take. Daga nan sai su tambaya wa ke da irin rubutuna a garin nan. Mutum ɗaya na koya wa har ya kai haka, ɓingel am.” Ɗana, yake nufi da Fillanci. Haka yake kirana tun ina riƙe allo.

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Na tambaye shi da me zan biya. Ya sa aka ɗauko wani tsohon littafi, bayanan da ya rubuta a wajen nasa malamin, gara ta ci gefensa. Ya ce tunda na aro hannunsa ba da izini ba, yanzu in ara masa nawa. Wata bakwai ina kwafa, kullum in na taso daga aiki. Watan jiya na kai masa. Ina buɗe shafi yana dubawa, ya gyara mini wuri biyu, sannan ya ce, “Tsakanina da kai an gama. Na yafe duniya da lahira. Kada ka sake zuwar mini da wannan fuskar.” Na ce to mutanen unguwa fa? Ya ce wannan ba haƙƙinsa ba ne, ba zai yafe abin da ba nasa ba. Har na kai bakin zaure ya kira ni, ya tambaya ko na san Hedimasta yana jin rediyo har yanzu.

Jama'a, na gaji. Dakta tana nemana in dawo digiri na biyu a kan wannan babin dai. In na faɗi gaskiya, takardar shaidata da aikina na iya tafiya, kuma ban san ko wutar da ta lafa za ta sake tashi ba. In na yi shiru, Modibbo ya haura tamanin, zai koma ga Allah da sunan da na ɓata, amininsa kuma ba zai zo ko gaisuwa ba. Gidan Hedimasta layi uku ne daga nawa, kullum ta ƙofarsa nake wucewa zuwa aiki.

Don Allah ku gaya mini. Me zan yi?