Zaren da Ya Ƙi Bagaruwa

Zuwa ga mahaifina, Malam Bukar masunci, Allah ya jiƙan ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina sanar da kai cewa Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ganin da ya ƙara raguwa. Ni ma ina nan Haɗeja, a ɗakin katin nan na asibiti inda ka bar ni, ina jera katunan marasa lafiya bisa lamba. Na san takarda ba ta isa inda kake. Na rubuta ne saboda akwai maganar da na riƙe wata biyar, ni kuwa ka san ni, ban iya faɗin magana daidai sai na rubuta ta. Masu bibiyar shafina za su karanta, amma da kai nake.

Maganar Gurbin Giyayya ce, gurbin da ka gada wurin Kaka.

Kai ka koya mana al'adar. Kowace shekara, idan ambaliya ta janye ta bar ruwa a gurabe, gidan da ke da gurbi yakan kai wa Sarkin Ruwa kifin farko da ɗan gidan ya kama a ciki da hannunsa. Gidan da ya yi shekara uku a jere bai kai ba, gurbinsa ya koma hannun Sarkin Ruwa, ya ba wanda zai yi aiki da shi. Tun rasuwarka shekara biyu ta wuce ba mu kai ba. Yaya Modu yana can wajen Tafkin Chadi, wayarsa ma ba kullum take shiga ba. Bana ce ta uku. Bayan an gama yankan shinkafa Sarkin Ruwa ya aiko wa Inna da saƙo cikin mutunci, cewa in sabon ruwa ya shigo ba mu kawo ba, ba shi da yadda zai yi, akwai gidaje da ke jira.

Ba zan ɓoye maka ba, tunanina na farko shi ne in sayi tarwaɗa a kasuwar kifi in kai masa. Na rubuta tunanin a littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana. Washegari na karanta shi, na ji kunya, na soke.

Sai dai ni ba masunci ba ne, kuma kai ka yanke haka. Ina tuna ranar da na jefa birgi, ragar nan ta jifa, ya buɗe a kaina maimakon kan ruwa, ka tsaya a bakin gaɓa kana dariya har da riƙe ciki. Da ka gama ka ce, "Umaru, kai biro ne naka. Bar wa Modu ruwa." Na yi shekaru ina jin daɗin wannan magana. Bana ne na fara jin nauyinta.

Ko da na iya birgi, Baba, gurbin ba yadda ka sani yake ba. Ciyawar kacalla ta cinye shi tun daga gefe. Inda kake tura gora ka shiga, yanzu ciyawa ce ta fi mutum tsawo. Abin da ya rage fili ne a tsakiya kamar shimfiɗar tabarma huɗu, kuma daga gindin giyayyar kaɗai ake hango shi. Sai abin da za a jefa daga nesa.

Wani abokin aikina da ya taɓa zama a Fatakwal shi ya ba ni aron sandar fatsa irin ta zamani. Tana da ɗan keke a gindi, da hannu na juyawa, da kwarkwaro inda zare yake naɗuwa, kamar na keken ɗinki. In an iya, ana jefa ƙugiya da ita fiye da taku talatin. Ya ce da rani ruwan gurbi yakan kwanta ya yi garau, kifi yana ganin zare, don haka in nemi wani zare da ake kira fulorokabon. Ya ce kusan ba a ganinsa a cikin ruwa, yana nutsewa da kansa, kuma yana jure gogar ciyawa. Na aika Kano aka kawo mini.

Da na buɗe shi na ga fari ne ƙal kamar ruwan randa, sai hankalina bai kwanta ba. Ban taɓa ganin ka sa farin zare a ruwa ba. Ina tuna tukunyar nan ta bayan ɗakin Inna, wadda ba a dafa komai a cikinta sai bagaruwa. Ko bayan da aka daina zaren auduga aka koma na kanti, ba ka fasa ba. Kwana uku kake jiƙa shi, ka shanya a kan danga, ya fito ja-ja kamar ƙasar gaɓa, tafin hannunka ma ya rine har mako. Kakan ce, "Farin zare gaisuwa ce ga kifi, yana gani zai amsa daga nesa ya wuce."

Saboda haka na sayi bagaruwa, na daka, na tafasa, na bar ta ta huce, na jiƙa zaren kwana uku cif. Ran na huɗu na tsamo shi na ɗauraye. Ya fito yadda ya shiga. Yatsuna sun rine, robar da na jiƙa shi a ciki ta rine, har bakin rigata, shi kuwa ko alama. Na ƙara masa kwana biyu don ina zargin ban daka bagaruwar da kyau ba. Da na gaya wa abokin aikin nawa, sai da ya zauna a kan benci don dariya. Ya ce wannan zaren ba ya shan ruwa, balle rini, kuma farin nan nasa shi ne ɓuyansa. A littafina na rubuta: kwana biyar sun tafi a banza. Amma gaskiya ba a banza suka tafi ba. Kwana biyar ɗakina yana warin gidanmu na da.

Wajen zaɓen kauri ma kai na bi. Kai ba ka yarda da siririn zare ba, sai wanda za ka naɗa a hannu ka ja da ƙarfi bai tsinke ba. Don haka na ce a kawo mini mai lamba ashirin da biyar. Na kuma cika kwarkwaron har baki, har ya ɗan yi tozo, don a gidanmu ba a auna abu a bar mudu da rami.

Asabar ta farko na hau babur daga Haɗeja, na bi hanyar Kirikasamma, na isa gurbin da hantsi. Na yi bisimilla na jefa. Ƙugiyar ta faɗi a gabana, zaren kuwa ya zubo daga kwarkwaro gaba ɗaya, zobe a kan zobe, ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu. Har azahar ina zaune a gindin giyayya ina warwara. Asabar ta biyu ma haka. A nan na fahimci zaren nan yana da taurin kai. Mai kauri ba ya son lanƙwasa a ƙaramin kwarkwaro, da ya sami sarari sai ya yi tsalle ya fice. Na koma mai lamba goma, wanda da ka gan shi za ka ce na ɗinkin hula ne. Na kuma bar rata a bakin kwarkwaron, kamar kaurin ƙwayar shinkafa. Zubowar ta ragu ƙwarai, amma zaren bai daina murɗewa ba. In na sassauta shi sai ya nannaɗe kansa kamar igiyar da aka tufka.

Inna ce ta warware wannan. Na biya gida a Asabar ta huɗu, raina a ɓace, ta ce in miƙo mata abin. Ba ta gani sosai, da yatsu ta duba. Ta ja zaren kamu biyu, ta sake shi, ta ji yadda ya murɗe. Ta ce, "Shekara arba'in ina kaɗi, ban taɓa ganin mazari mai tsada da rashin hankali irin wannan ba." Sannan ta ce laifin ba na mazarin ba ne, nawa ne. Kowane zare yana da hannun da aka naɗa shi, ni kuwa na ɗora shi ta kishiyar hannunsa. Ta sa na warware duka na mayar a faifan da ya zo a kai. Ta sa na kwantar da faifan a ƙasa, na juya keken sau goma, na sassauta. Ya murɗe. Ta ce in kifa faifan ta ɗaya fuskar. Na kifa, na sake juyawa, ya sauko a miƙe. Ta riƙe zaren tsakanin yatsa biyu da ɗan tsumma mai ɗumi, ina naɗawa tana matsewa, har muka gama.

Muna cikin haka ta ce haka kuke yi da kai a shekarun farko, kafin a haife mu, ita tana riƙe kai kana naɗawa, kuma kullum sai ka ce ta matse da yawa. Ban taɓa sanin wannan ba.

Daga nan jifa ta fara kaiwa filin tsakiya. Na koyi mayar da ɗan ƙarfen da ke kama zare da hannuna bayan kowace jifa, in ja zaren ya miƙe kafin in fara juyawa. Na koyi bin kamu biyu na ƙarshe da yatsa duk lokacin da ya gogi kacalla, in na ji kaushi in yanke wurin. Duk na jera su a littafi, ɗaya bayan ɗaya. Kifi dai bai zo ba. Ruwa yana ja baya, zafi yana ƙaruwa, gajimare ya fara taruwa ta gabas da yamma.

A Asabar ta tara na sa ɗan kifin kawara a ƙugiya. Ban daɗe ba sandar ta lanƙwashe har na ji tsoron za ta karye. Na ga bayansa sau ɗaya da ya juya, ragon ruwa ne, irin wanda kake ɗaukowa a kafaɗa. Na ja, ya ja, na sassauta kamar yadda na ga kana yi. Ya zo har bakin ciyawa. Sai na ji hannuna ya yi sakayau.

Na naɗo zaren ina cewa ya tsinke. Bai tsinke ba, Baba. Bakinsa ya fito a nannaɗe kamar wutsiyar ɗan akuya. Ƙullin ne ya zame.

Ƙullinka ne. Shi kaɗai na iya a duk sana'arka: zagaye uku, a zura, a ja da haƙori. Da shi ka ɗaura kowace ƙugiya ta mamarinka, doguwar igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi, bai taɓa ba ka kunya ba. Amma an yi shi ne don zare mai kaushi, wanda yake cizon kansa. Wannan santsi gare shi kamar jikin tarwaɗa. Abokin aikina ya faɗa mini haka tun farko, ya ma nuna mini wani ƙulli a waya. Na ce masa to, na ƙi. Na bar bagaruwa, na bar kauri, na bar cika mudu, na ce wannan ɗaya dai ba zan bari ba. Ranar na daɗe a gindin giyayya ban sake jifa ba. Abin da na rubuta a littafi layi ɗaya ne: ko dai ƙullin Baba, ko gurbin Baba.

Mako guda ina koyon sabon a ɗakin kati, in babu layi. A ninka zaren biyu, a zura a idon ƙugiya, a yi ƙulli sako-sako, a wuce da ƙugiyar ta cikin madaukin, a jiƙa da yawu, sannan a ja a hankali. In aka ja shi a bushe yakan ƙone kansa ya yi rauni. Na ɗaura ya fi sau ɗari a jikin maƙalar takarda. Kowane na gwada shi da hannu, yadda kake gwadawa.

Asabar ta goma ban samu komai ba. Ranar Laraba aka yi yayyafi a Haɗeja, aka ce sabon ruwa ya fara motsi a saman kogi. Ban jira Asabar ba. Na nemi izini a wurin aiki, ran Alhamis da sassafe ina gurbin. Wajen ƙarfe tara tarwaɗa ta kama. Ba babba ba ce, kamu ɗaya ce da ɗan ɗori. Ta shige cikin kacalla, na ji zaren yana gogar ciyawa, na riƙe numfashi. Ya jure. Ƙullin ya riƙe. Na fito da ita gaɓa, na zauna a ƙasa.

Na sami Sarkin Ruwa a zaurensa yana gyaran koma. Ya tsufa ƙwarai, Baba, sai an ɗaga murya. Na durƙusa na ajiye ta a gabansa. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya tambaye ni ko da hannuna na kama ta, na ce da hannuna. Ya ce, "Ubanka yakan kawo wanda sai an kama masa. Amma al'ada ba ta ce babba ba, na farko ta ce." Ya yi maka addu'a, ya ambaci sunan Kaka, ya ce gurbi yana nan a gidan Bukar.

Abin da nake so ka sani ke nan. Gurbinka bai fita daga gida ba, amma ba da ƙullinka na riƙe shi ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Wani lokaci in ga kamar na yi maka rashin kunya, wani lokaci in ga da kana nan kai za ka fara cewa in canza. Ban san wanne ne daidai ba. In akwai laifi, ka yafe mini.

Ranar Asabar da ta biyo baya babu wanda ya aiko, babu abin da ake jira a wurina. Na tashi da asuba na ɗaure sandar a babur na koma. Ban kama komai ba. Sai la'asar na taso.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya shayar da kai daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya dawo mana da Yaya Modu gida. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da kai a inda babu rabuwa.

Ɗanka na ƙarshe,
Umaru,
daga Haɗeja.