Bijimin da Malam Ya Sayo

Daren Laraba, watan Rajab

Barci ya ƙi zuwa. Da yamma maigidana ya dawo daga kasuwar Zango janye da bijimi. A hannun wani baƙo ya saya da araha, ba dillali, ba shaida. Sai murna yake, wai ya yi wayo.

Na ce, "Malam, wannan ba wayo ba ne, ganganci ne. Yanzu fa shari'a ake yi. In na sata ne fa?"

Ya ce tsoro ya yi mini yawa. To, in taka-tsantsan ne tsoro, na yarda.

Ɗazu da na kai wa bijimin dusa, na ga tsagar kunnensa irin ta shanun Fulanin bayan garinmu ce.

Malam yana ta minshari. Bijimin kuwa sai kuka yake, yana fuskantar rugarsu.